Uwata Za Ta Bobigny da Takalman Ƙusa

Vaulx-en-Velin, ranar Alhamis da hantsi

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da gajiyar hanya, duk da cewa yanzu da nake rubutun nan bango ɗaya ne tsakanina da ke, kuma ina jin ki kina jan akwati a ƙasa maimakon ki ɗaga shi, kamar ba mutane ke zaune a ƙarƙashinmu ba. Allah ya sa ki buɗe takardar nan a Bobigny, can gefen Paris, cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya haɗa ki da maƙwabta masu haƙuri, don za ki buƙace su. Mamarki ce za ta cusa takardar cikin kayanki.

Na zaɓi rubutu ne saboda magana da ke ta gagare ni. In na fara da Hausa ki amsa da Faransanci, in na bi ki can ki riga ni kai ƙarshen zance, kafin in ankara ni ne mai laifi. A takarda ba mai katse ni. Da gangan kuma na yi ta da Hausa. Na san za ki sha wuyar karatu. Ki sha. Ni shekara goma sha bakwai ke nan ina shan ƙarar takalmanki.

An ba ki wuri a gidan tiyatir, ke da mutanenki biyar, ki shirya rawa taki ta kanki, kina ƴar shekara ashirin da biyar. Kowa sai murna yake yi mini a bakin masallaci, har waɗanda na san abin da suke faɗa in na ba da baya. Ni kuwa abin da nake gani, yarinyar da har yau ba ta san inda katin asibitinta yake ba ita ce za ta je ta shugabanci mutane. Tun da ba kya karɓar umarni, ba zan ba ki ba. Zan faɗa miki inda na yi kuskure, ki ɗauki abin da za ki ɗauka.

Na farko, ni na kai ki. Wannan mamarki ba ta taɓa barin in manta ba. Shekarar da aka canja mana faran zuwa yuro ce, kina da shekara takwas. Ranar Larba ba lakwal, yara na gida, ni ina labo, ɗakin bincikenmu na awon ruwa, mamarki ta fara aiki, ba mai zama da ke. Na je cibiyar unguwa in rubuta ki ajin ninƙaya. Matar da ke karɓar suna ta ce ya cika, na judo ma ya cika, wuri ɗaya ya rage, ajin wata Madam Rosariyo. Bis ɗina saura minti huɗu ya tashi. Na tambaye ta ko yara na motsa jiki a ajin, ta ce ƙwarai kuwa. Na sa hannu na fita da gudu. Kalmar flamenko na gan ta a takardar, na ɗauka sunan ɗakin da ake ajin ne. Ina na san rawar Sifaniyawa ce? Sai bayan sati uku, ina alwala, na ji kamar ana kafa ƙusa a tsakar ɗaki. Na fito na tarar da ke kin ɗaga haɓa, kin riƙe ƙugu, kina dukan ƙasa da dunduniya kina ƙirga sha biyu da wani harshe. Kallon da kika yi mini ranar, kamar ni na shigo gidanki ba sallama.

Saboda haka ki riƙa karanta abin da za ki sa wa hannu. Kwantarar da gidan tiyatir ɗin ya aiko miki shafi goma sha ɗaya ce. Ina zaune kika sa mata hannu a kan firigon ajiye abinci, ɗayan hannun riƙe da cokali. Da na yi magana kika ce ai mutanen kirki ne. Matar cibiyar ma mutuniyar kirki ce. Na yi fotokopinta na haɗa miki da takardar nan, na ja layi ƙarƙashin wurare uku. Na ukun ya ce duk rawar da kika shirya a can suna da ikon nuna hotonta inda suka so. Ki je ki tambaye su har zuwa yaushe.

Na biyu ya fi wannan muni. Kina da sha uku Madam Rosariyo ta ce kin isa sa takalmin gaske, mai ƙananan ƙusoshi a gaba da dunduniya. Tun daga ranar dattijon da ke ƙasanmu ya fara dukan rufin ɗakinsa da sandar tsintsiya. Ya hau ya yi magana sau biyu, na ba shi haƙuri. Sai hukumar gidajen ta aiko takarda, ta biyu kuma da jan rubutu. Lokacin takardun zamanmu duk shekara ake sabunta su, kuma ni mutum ne da ba ya son sunansa ya shiga kowane littafin ƙorafi. Tsoro ya kama ni. Maimakon in zaunar da ke in gaya miki, sai na ɗauke takalman na tura su bayan mota, ƙarƙashin tayar ajiya. Kika birkice gidan nan. Kika zargi mamarki, kuka yi kwana biyu ba kwa magana, ni ina zaune ina karanta jarida. Har taya ki leƙa ƙarƙashin gado na yi, Allah ya yafe mini.

Sati na uku Madam Rosariyo ta zo gidan da kanta. Asansar ya lalace, ta hau bene shida da ƙafa, mace mai shekara sittin da wani abu, ta zauna tana haki, ta ƙi karɓar ruwa. Ba ta tambaye ni ina takalman suke ba. Ta ce tun da ta fara koyarwa ni ne uba na huɗu da takalmin ƴarsa ya ɓace. Sannan ta ce: "In ba ka so ta yi, ka gaya mata da bakinka, ta ji haushinka ta san dalili. Yanzu kowa take zargi sai kai." Daga nan ta tambaye ni ko ba mu da ɗakin ajiya a ƙasan bene kamar kowa. Muna da shi. Shekara tara muna da shi, cike da kwalaye da tsohon keke. Ranar Asabar na share shi na shimfiɗa katako. Abin da na yi wa ƙarya sati uku, guduma ta gama shi kafin azahar. Takalman kuma na ce a mota kika manta su. Kin yarda, ko kin yi kamar kin yarda. To yau na gaya miki. Ki nemi gafarar mamarki, ni na riga na nema.

Na kawo wannan ne saboda yarinyar nan ta ƙungiyarki, doguwar, Kler. Kin yanke ba za ki tafi da ita ba. Kin gaya wa mamarki, kin gaya wa mai kaɗa muku gita, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Jiya sau uku wayarki ta yi ƙara da sunanta kina kifa ta a kan tebur. Halina ne wannan, na gane shi, kuma ba shi da kyau. In har kin isa Bobigny ba ki kira ta ba, ajiye takardar nan ki kira ta. Ki tsaya ki ji abin da za ta faɗa ko da zagi ne, sannan ki ci gaba da karatu.

Sai maganar Maraɗi. Da kika bar fak, wato jami'a, bayan shekara biyu kina karatun farmasi, kika ce za ki Sebil ta Sifaniya ki koyi rawar a gidanta, na yi faɗa, na yi shiru, na sake faɗa, kika tafi. Wannan ban kira shi kuskure ba, har gobe ina ganin da kin ƙarasa karatun ba abin da zai ragu a ƙafarki. Kuskuren shi ne abin da na gaya wa gwaggonki, Yaya Rabi. Na ce mata an tura ki Sifaniya ƙaro ilimi a kan ciwon ƙafa. Na lallashi kaina da cewa ai akwai ƙafa a ciki. Shekara biyu tana kiran ki likita, tana sa a yi miki addu'a, tana aiko mini tambaya kan gwiwarta in miƙa miki. Ni kuma in je in tambayi wani abokin aiki, in mayar mata da amsa da sunanki.

Don ƙaryar ta zauna, na roƙe ki kada ki sa sunanmu a afish, takardar tallan wasa. Sunan mahaifiyata ne a kanki, shi ya sa nake ce miki Uwata, na ce ba zan so a ga Balkisa Isufu manne a bango ba. Ba ki yi gardama ba, abin da ya kamata ya tsorata ni. Kika ɗauki wani sunan Sifaniyawa da har yau harshena ba ya iya juya shi. Wata safiya ina jiran metro a Lyon na ga fuskarki a bango, babba, da sunan nan a ƙasa. Wani ɗan ƙasarmu da muke tare ya ce yarinyar nan ta yi kama da ƴarka. Na ce masa haka ne, ta yi kama. Na samu abin da na roƙa, na yini ban iya cin abinci ba.

Ƙarshenta hoton rawarki ya isa Maraɗi ta waya, kamar yadda duk mai hankali ya san zai isa. Yaya Rabi ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Ta ce: "Isufu, rawar tsakaninta da Ubangijinta ne, kuma rigar ta fi ta ƴan matan bikinmu rufe jiki. Kai nake tambaya. Shekara biyu ka mayar da ni sakarya, ina yawo ina cewa ƴata likita ce." Ta kashe wayar. Wata biyar ba ta ɗauki kirana ba, yayar da ta goya ni.

Ki sa sunanki. Abin da ba za ki iya sa sunanki a kai ba ki bar shi, wanda za ki iya kuma kada wani ya sa ki ɓoye, ko da ni ne. Ba ina nufin zuciyata ta kwanta da sana'ar nan ba. Ba ta kwanta ba, kuma na gaji da yi miki ƙarya. Na tambayi malamai, na ji amsoshi iri-iri, na bar wa Allah. Abin da nake roƙo, ki riƙe sallarki. Kina ƙirga sha biyu ba kuskure kina juyi a kan ƙafa ɗaya, biyar ba za ta gagare ki ba.

Akwai shawarar da na ba ki kika bi, ke da ba ki cika bin shawarata ba, ita ce kuma mafi muni da na taɓa bayarwa. Bayan kin dawo kina aiki a ƙungiyar mutumin nan na Lyon, ba sai na faɗi sunansa ba. Kika shirya rawar mata uku da tafi kaɗai, ba gita ba waƙa, wadda kika ce daga luguden da kika gani a tsakar gidanmu na Maraɗi kika samo ta. A ɗakin ajiyarmu kika haɗa ta, wata huɗu, ni shaida ne, kunnuwana ma shaida ne. Da takardar wasan ta fito, sunansa ne a matsayin wanda ya shirya, ke kina cikin masu rawa, ta biyu a jeri. Kika dawo gida, kika ce za ki je ki same shi. Na ce ki yi haƙuri. Na ce mu baƙi ne, ana ganin mai aiki ko bai yi magana ba, kada ki ɓata da babba tun ba ki kafu ba.

Ban gaya miki daga ina shawarar ta fito ba. Lokacin ina haɗa tez ɗina, kundin digirin dokta, na yi shekara guda ina auna ruwan rijiyoyi, na gano abin da na gano. Malamin da ke duba aikina ya buga shi da sunansa da na wasu biyu, ni aka gode mini a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe. Na yi shiru na kira shi haƙuri. Tsoro ne. Ba wanda ya zo daga baya ya ce ashe kai ne. Na san haka sarai, amma na ɗauki tsoron nan na miƙa miki kamar gado. Rawarki ta zaga garuruwa shekara biyu da sunan wani. Kuma ke a nan aka yanke cibiyarki, ni ne baƙon, ba ke ba.

In kin shirya abu, a rubuta wa ya shirya tun kafin a fara gwaji. In an taɓa haƙƙinki ki je ki yi magana da ladabi, a ranar, ki bar takarda. Yanzu kuma ke ce babba, abin ya juyo kanki. In wata cikin ƴan matanki ta kawo taku huɗu kika saka a rawar, ki rubuta sunanta. Kuma don Allah ki rage tsawa. Ranar da na kai miki makullin da kika manta, na ji yadda kika yi wa mawaƙinki a wurin gwaji, dattijon da ya girme ni, don kawai ya shigo da waƙa kafin lokaci. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Na tsaya bakin ƙofa ina jin muryata na fitowa daga bakinki, irin wadda nake yi miki kan lissafi kina ƙarama. Kunya ta hana ni shiga, na bar makullin wurin mai gadi. Mutumin nan zai bar iyalinsa ya bi ki Paris. Ki gaishe shi kafin ki gyara masa kuskure.

Kada ki ɗauka ɓarnata duk ta ƙi ce. Da na fara son rawar ma na yi ɓarna. Bayan wata jarida ta yi rubutu a kanki, sai ga ni na yanke shafin na manna a labo, ni da na ce a ɓoye suna. Na gayyaci abokan aikina bakwai kallon wasanki, har da shugabanmu. Ana gobe wasan idon sawunki ya kumbura. Mai duba miki ƙafa ya ce ki huta kwana goma. Mamarki ta ce a fasa. Kika dube ni, na kuma san tambaya ce kike yi, na ce ai mutane sun riga sun shirya, ki ɗaure ƙafar ki daure. Ni na tuƙa ki da hannuna. Kika yi rawar, aka tashi tsaye ana tafi, shugabanmu ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ke kuma kika fito ta baya kin rataya a kafaɗar mai gita, da ƙyar aka zare takalmin. Wata uku kina kan sanduna, aikin da aka yi miki alkawari a bazarar ya tafi ga wata.

Kunyar da na ji da farko da alfaharin da na yi daga baya, duk kaina nake dubawa, ba ke ba. A Paris za ki samu irina da yawa, masu son ki hau ko ƙafar za ta karye saboda sun riga sun gayyaci mutane. Ƙafa biyu gare ki, su ne kayan aikinki duka. In ta kumbura ki zauna. Katin asibitin yana aljihun gaba na baƙar jakarki, ni na saka shi.

Saura ɗaya, wannan ba a kanki na yi shi ba. Ranar da zan bar Maraɗi kakanki ya raka ni tasha. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce in riƙa aiko da labari, na ce to. Na iso nan karatun ya fi ƙarfina a shekarar farko, na faɗi jarrabawa, na maimaita aji. Na ce ba zan rubuta ba sai na samu abin faɗa. Sai dai gaisuwa a bakin masu tafiya, da layi biyu a bayan kati in salla ta zo. Na ce in na gama tez zan rubuta masa doguwar wasiƙa in gaya masa komai, har faɗuwar. Ya rasu saura wata huɗu in gama. Da na je gida, Yaya Rabi ta gaya mini duk ranar da motar wasiƙu ta zo sai ya sa babbar riga ya tafi gidan waya, ya dawo ya ce wataƙila sati mai zuwa. Ta ce bai taɓa tambayar ko na ci jarrabawa ba. So yake ya ji ko ina samun abinci, ko sanyin da ake faɗa gaskiya ne.

Na san ki. In abin ya yi kyau za ki kira kina zuba kamar rediyo. In ya ƙi, in rabin kujerun ba kowa, in wani ya rubuta cewa ba ki iya ba, za ki yi shiru ki ce sai kin gyara. To a lokacin nake so ki kira. Ba sai kin zo da labari ba. Ki ce Baba ina nan, na ci abinci. Ranar Lahadi bayan la'asar ina gida, wayar tana kusa da ni.

Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya. Allah ya tsare miki ƙafarki da harshenki da mutuncinki, ya sa waɗanda suka bi ki kada su yi nadama. Na yafe miki abin da na sani da wanda ban sani ba. Ke ma ki yafe mini waɗannan da na faɗa, da sauran da mamarki za ta tuna miki. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Babanki,
Isufu